Ragon Mabkut

"Kai ka cinye shi, Hizam, har ƙaho!"

"Ni? Wannan ragon naka mai tari? Ko kura sai ta yi shawara."

Shekara ashirin ke nan Mabkut da Hizam, masu gadin Haramin Bilkisu, kufan wani tsohon wurin bauta a garin Ma'rib, suna wannan rigima a gindin ginshiƙansa takwas. Ranar da ragon Mabkut ya ɓata suka kai ƙara wurin Shaihi Naji, kowa ya ajiye bindigarsa jingina yadda ake yi a Ma'rib, sai an yanke hukunci ya ɗauka. Ta Hizam gadon mahaifinsa ce. Har yau yana zuwa biki kafaɗa fayau ba bindiga, mata na nuna shi da baki.

Shaihi kuwa kullum amsarsa ɗaya. Sai ya shafa tumbi ya ce, "Sssai an yi haƙuri, 'ya'yana," iska na fito ta giɓinsa na sama.

Bana Dakta Arwa, mai binciken kayan tarihi daga birnin San'a, ta ce a haƙa kusurwar katanga ta gabas. Shaihi ya taso da kansa cikin rana. Wurin na aljannu ne, in ji shi, tun kaka da kakanni. Dakta ta gode masa, ta miƙa wa ma'aikata shebur.

Bayan kwana uku suka tarar da rami zagayayye, cike da toka da ƙasusuwa. Dakta ta cika da murna: hadayar mutanen Saba na zamanin da! Gari ya taru, aka kawo wa Shaihi kujera.

Tana share ƙasa da ɗan buroshi sai ga ƙararrawa, ta gwangwanin kifi. Murnarta ta koma ciki.

"Ni na ƙera wa ragona ita!" Mabkut ya kurma ihu. "Ramin gashi ne! Hizam, ɓarawo, yau ka mutu!"

Wani har ya riƙe wa Hizam hannu.

"Dakata, Baffa," in ji Dakta. Ta ɗaga ƙashin cinya sama. Wani abu ya kafe a jikinsa, ɗan ƙarami, rawaya, yana walƙiya a rana. Wanda ya ci naman ya ci da zuciya ɗaya.

Shaihi Naji ya leƙo, ya daɗe yana kallo, sannan ya ja gefen rawaninsa ya rufe baki.

"Ikon Allah," ya ce. "Assshe mutanen Sssaba ma suna sa haƙorin Makka."