Baƙo Har Ranar Tafiya

Sharfaddeen yana shekararsa ta ƙarshe a wata jami'a da ke unguwar Tianhe ta birnin Guangzhou, yana karatun kasuwanci, amma in ka cire hanyar aji da ta masallacin Juma'a, bai san ko'ina a Guangzhou ba. Daga aji sai ɗaki. Ya dafa shinkafarsa, ya jingina da bango, ya buɗe waya: hirar 'yan unguwarsu ta Gwammaja, musun ƙwallo, hotunan bikin wane da wance. Gangar jikinsa ce kawai a China.

Da Turanci ake koyar da su, don haka bai ga dalilin karya harshensa ba. Jarrabawar Sinanci da aka tilasta musu ma haddace ta ya yi, ya haye da ƙyar, ya watsar. In ya shiga kanti, waya ce ke magana a madadinsa.

Da aka sanar da baje kolin guraben aiki, inda kamfanoni ke zuwa makaranta su zaɓi masu kammalawa, Maidaji ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ɗan Maraɗi ne, ajinsu ɗaya, shi kaɗai ne bai gaji da gaishe shi ba.

"Ɗan'uwa, mi kake yi cikin ɗaki kamar mai takaba? Taho mu tafi. Malamai na gwada mana yadda ake amsa tambayoyin masu ɗaukar aiki. Har sunayen kamfanonin an kafe, kowa na bincike a kansu."

"Je ka abinka," in ji Sharfaddeen. "Sakamakona zai yi magana."

Shirin da ya yi bai wuce biyu ba. Ya sayi kwat ta intanet, ya kwafo tsarin takardar neman aiki ya sa sunansa.

Ranar da aka buɗe, zauren ya cika maƙil. Ɗalibai suna tafe rukuni-rukuni, wannan ya gyara wa wancan wuyan riga, malamai suna jan wasu da hannu suna gabatar da su. Shi kuwa ya yi ta zagayawa shi kaɗai da takardunsa a hannu.

Can a gefe ya hango teburin wani kamfani mai ƙera famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana. A allonsu an rubuta cewa suna neman mai jin Hausa, wanda zai riƙe musu ofis a arewacin Najeriya. Ya nufi teburin da sauri. Ai wannan kamar don shi aka yanka.

Matar da ke teburin, Madam Luo, ta karɓe shi da fara'a da Turanci. Da ta ji daga Kano yake, har gyara zama ta yi. Sai ta juya harshe, ta yi masa tambaya da Sinanci.

Ya yi murmushi.

Ta maimaita a hankali. Ya kai hannu aljihu zai ciro waya, ta ɗaga masa hannu.

"Injiniyoyinmu ba sa jin Turanci," ta ce. "Kai za ka tsaya tsakaninsu da manoma. To, a ina ka yi aikin sanin makama a nan?"

"Ban yi ba."

"Wane malami ne zai iya yi mana bayaninka?"

Ya buɗe baki, ya rasa suna ko ɗaya da zai tabbatar mai shi ya san fuskarsa. Ta yi godiya, ta cusa takardarsa ƙarƙashin sauran.

Bai yi nisa ba ya jiyo muryar Maidaji a teburin, yana kwaɓa Sinancinsa mai gargada. Matar tana dariya tana gyara masa, ta jawo masa kujera.

Sharfaddeen ya fita ya zauna a matakala. Ya bi lambobin wayarsa daga sama har ƙasa, bai ga mutum ɗaya a garin nan da zai kira ya faɗa wa abin da ya faru ba. Sai ga kiran mahaifiyarsa.

"Yaya, an dace?"

"Ana dai jira, Umma."

Jiran bai haifi komai ba. Karatu ya ƙare, izinin zama ya ƙare. Maidaji yana masana'antar kamfanin famfon ana horar da shi. Sharfaddeen ya ja akwatunansa zuwa tashar jirgin ƙasa, babu wanda ya raka shi ko bakin get.

A Kano, maƙwabcinsu Alhaji Kallamu, mai kawo yadi Kantin Kwari daga China, ya aiko a kira shi shago.

"Allah ya kawo ka, ɗana! Na gaji da tafintan haya. In ka riƙe min wannan ɓangaren, aiki ya samu. Ga mai masana'antar a kan layi, kayana sun maƙale, ji me yake cewa."

Ya miƙa masa waya a gaban yaran shago da masu ciniki.

"Ni hao," in ji Sharfaddeen, ya yi gaisuwa da Sinanci.

Mutumin ya yi ta zuba daga can. Kowa ya zuba wa Sharfaddeen ido. Shi kuwa bai tsinci ko kalma ɗaya ba. Alhaji ya karɓi wayarsa a hankali, ya ce, "Ba komai. Ka gaida mutanen gida."

Ya ku ɗalibai, na gida da na waje: shirin neman aiki ba a makon baje koli yake farawa ba. Ku koyi harshen inda kuka je, ku shiga cikin mutane, ku bari malamanku su san ku. Wanda ya rufe wa jama'a ƙofa, arzikinsa ya rufe wa.