Fentin Tagar Ƙarshe

Tun da aka jingina tsani a barandar sama, Malama Shpresa ba ta ƙara zama wuri ɗaya ba. Ta shiga aji ta fito, ta zuba gahawa ta bar ta ta huce, ta sake komawa barandar kamar wadda ta yar da mabuɗi.

Duk Arta ce ta jawo. Budurwar ta zo daga Tirana, babban birnin ƙasar, da takardun zane a hammata, hukumar gari ta ba ta aikin mayar da bangon makarantar littafi. Matattakalar bene ta zama jadawalin sau, bangon ƙasan bene ya ɗauki koguna da duwatsu. Barandar sama kuwa aka ba wa tarihi, darasin Shpresa: taku ɗaya shekara hamsin, yaro ya taso daga zamanin kakannin kakanni ya iso yau a bakin ƙofar ofis.

Da farko abin ya burge ta. Ita ma ta rubuta shekarun da hannunta, don kaf garin ba mai rubutu kamar nata. Takardun shaidar makarantar duk ita ke cikawa, kuma kowane gida ya san harafin t ɗinta mai jela a murɗe kamar ta kyanwa.

Sai tsofaffin gidan gahawa, waɗanda bakinsu ba ya hutawa, suka tsegunta wa Arta cewa a gefen tagar ƙarshe, ƙarƙashin fenti, akwai allon kunya na zamanin kama-karya, inda ake rubuta sunan ɗalibin da aka kora. Wurin kuwa ya faɗo daidai shekarun a zanenta. Arta ta kusa tashi sama don murna. Ta ce za a kankare, a sa gilashi, yara su ga tarihi da idonsu.

Shpresa ta ce bangon yana da danshi. Ta ce tsohon fenti guba ne. Ta ce ranar Litinin yara za su dawo hutu, ina lokacin wannan tone-tone? Kowane dalili ta kawo, Arta ta kakkaɓe shi da murmushi, shugaban makaranta kuma ya sa hannu.

Gaskiya tsoro take ji, tsoro mai hana cin abinci. Ta san abin da ke wurin. In ya fito, wanda zai fara gani shi ne mutumin da ta shekara talatin da uku tana ɓoye masa, domin mijinta Petrit shi ne mai fentin makarantar. Kowane bazara shi ke shafe ginin. Mutum ne mai kaifin lissafi da karatunsa ya tsaya yana ɗan shekara goma sha huɗu, aka tura shi haƙar magudanan ruwa a gonar gwamnati. Ba ya zancen, ita ma ba ta taɓa tambaya ba.

Da safen Juma'a ta tare shi a ƙofar gida, ta ce ya bar aikin, bayansa ba zai ɗauka ba.

"Bayana lafiya lau, tsohuwa," in ji shi. "Ke ce dai kike ta zarya kamar kaza mai neman wurin ƙwai."

Ya saɓa jakarsa, ta bi shi a baya ba ko mayafi.

A barandar, Arta ta dube ta ta ga leɓɓanta sun bushe. Ta ja ta gefe, ta rage murya.

"Malama, ko sunanki ne a ciki? Ai ba abin kunya ba ne. Waɗanda aka rubuta su ne masu gaskiya."

Petrit ya riga ya kafa wuƙar kankara a bango.

Fari ya zube, wani farin ya bayyana. Ya zube, ga wani. Arta ta ɗauki ɓawo ɗaya tana jujjuyawa, ta ce ikon Allah, fentin nan ya ninka na sauran bangon kauri. Petrit ya ci gaba da kankara a hankali, ba ya lalube, ba ya kuskure. Shpresa ta dafa taga.

Baƙi ya leƙo. Sai jan rubutu, harafi bayan harafi: Petrit Marku, mai sauraren rediyon Italiya.

Arta ta rufe baki da hannu, ta dubi tsohon. Daga nan idonta ya koma kan sunan, kan t biyun nan masu jela a murɗe, ya gangara kan shekarun da aka rubuta jiya-jiya a ƙasansu. Benci ɗaya Shpresa da Petrit suke zama a lokacin da sauraren rediyon waje laifi ne. Shpresa ce ta ji shi yana rera wata waƙar rediyon a hankali, ita ta kai ƙara, ita kuma aka miƙa wa buroshi da yamma bayan mota ta tafi da shi.

"Petrit," ta ce, "ni ce. Hannuna ne."

Ya goge wuƙar a wandonsa, ya hure ƙurar da ta maƙale a jelar harafin.

"Ke a ganinki wa yake ƙara wa wurin nan shafe biyu duk shekara? Ni na fara rufe shi, sati biyu kafin in je gidanku neman aurenki."