Shagon da Ba a Shafa wa Fenti Ba

"Faɗa mana gaskiya, Mai Aski, me ka ba su?" in ji Tela, ya tare ƙofar shagon.

Tun safe ma'aikatan sabuwar hanyar bas suka bi layin suna shafa shuɗin fenti a bangon shaguna. Duk wanda aka shafa wa, shi zai biya kuɗin gyaran kwata da daɓen gabansa. Mai Aski kaɗai aka tsallake.

"Wallahi ko ruwa ban ba su ba."

"Jiya na ga kana gyara wa injiniyansu gemu," in ji Mai Kayan Miya. "Har da turare!"

"Sana'ata ce, Yaya."

Ba wanda ya yarda. Da injiniyan ya dawo, suka jawo Mai Aski gabansa, suka ce ko kowa ya biya, ko kowa ya huta.

Injiniyan ya sunkuyar da kai. "Baba, ba a gaya maka ba? Waɗanda za su zauna ne ke biya. Nan inda kujerarka take za a gina tashar."

Mai Aski ya riƙo hannunsa. "Ɗana, shafa min fentin. Zan biya."