Itacen Wendell

Wendell Prochaska yana sauke itace daga bayan motarsa, yana fito. Duk wanda ya san Wendell ya san in ya fara fito, akwai wanda zai sha kunya kafin rana ta faɗi.

Shekara talatin da ɗaya ke nan iyalinsa suna zuwa hutu sansanin shaƙatawa, suna kafa tanti a fili na goma sha huɗu, daidai inda dajin tudu ya gangaro bakin tafki. A nan ya kafa dokarsa: duk saurayin da ke neman 'yarsa sai ya hura wutar sansani da tsinken ashana ɗaya, a gaban kowa. Ba fetur, ba takarda. In ta kama, Wendell zai riƙe hannun amarya ya raka ta cikin coci. In ta mutu, a yi bikin ba da shi ba.

Samarin Corinne, autarsa, uku suka gwada, uku suka koma gida suna warin hayaƙi. Ba su san Wendell kan jiƙa itacensa kwana bakwai a ganga ba, sannan ya shanya shi yini ɗaya don bayan ya yi kamar ya bushe. Ba mugu ba ne. Ba ya son ganin ɗakin autarsa babu kowa, kuma ko za a yanka shi ba zai faɗa ba.

Na huɗu shi ne Desmond Okerlund, likitan haƙori daga Milwaukee, wanda ya kafa tantinsa ƙofa tana kallon ƙaya. Corinne tana son wannan da gaske, ta kuma faɗa masa gaskiya: in mahaifinta bai raka ta ba, ƙafarta ba za ta iya shiga cocin ba.

Wendell ya gama jera itacen ke nan sai ga wata mata tana tura baro, ta wuce filaye goma sha uku ba ta ko waiwaya ba, ta tsaya a nasu. Gajera ce, furfura ta cinye kanta, sanye da koriyar rigar masu kula da sansani wadda ta yi mata yawa. Corinne ta tuna ba ta ɗaure kwalekwale ba, ta ruga bakin ruwa.

"Malam, wannan itacen daga ina?"

"Daga bayan gidana," in ji Wendell, yana buɗe ƙirji.

"Gidan naka mil nawa ne daga nan?"

Akwai allo a bakin ƙofar sansani, ya fi ƙofar girma, an rubuta: kada a shigo da itace daga nesa, saboda ƙwaron da ke cinye bishiyoyi. Kuma Wendell ne mutumin da ya taɓa kai ƙarar maƙwabci don rediyonsa ya wuce lokacin kashewa da minti huɗu.

"Haba baiwar Allah, shekara talatin da ɗaya nake zuwa nan."

"To ka ga shekara talatin da ɗaya kana yi mana dakon ƙwaro," ta ce, tana rubutu da hannun hagu. "Loda shi a baro. Ko kuwa ka naɗe tantinka, duk wanda ya fi maka sauƙi."

Da hannunsa ya loda. Surukansa biyu, mazan manyan 'ya'yansa, suka sa wa ƙasa ido, kafaɗunsu na rawa. Matar ta ɗaga guda ɗaya, ta jijjiga, ta dube shi.

"Itace ne wannan ko kifi?"

Tari ya sarƙe matar Wendell. Mai koriyar riga ta ajiye musu dami biyu na itacen da ake sayarwa a ƙofa, busasshe ƙayau, ta tura baronta ta yi gaba. Ko kallon Desmond ba ta yi ba.

Yanzu Wendell ya shiga tsaka mai wuya. In ya ɗage gwajin, za a tambaye shi me itacen sansani ya rasa. Ya miƙa ashanar kamar ana cire masa haƙori.

Desmond ya durƙusa, ya jera ƙirare yadda ya gani a littafi. Ya ɗauki tsinken da hannun hagu. Ya ƙyasta. Iska ta taso daga tafki, harshen wutar ya kwanta, ya yi shuɗi, Corinne da ta dawo daga bakin ruwa ta rufe ido. Sai ƙas, ƙas, wuta ta tashi har ta ƙona masa gira.

Jikoki suka yi ihu. Wendell ya daɗe yana kallon wutar, idonsa ya kawo ruwa, ya ce hayaƙi ne. Amma mutum ne mai magana ɗaya. Ya miƙa wa Desmond hannu.

"Yaushe zan ga mutanenka?"

"Mahaifiyata kaɗai ta rage, Baba, kuma tana can Arizona. Sai ranar biki."

Ranar biki Wendell ya riƙe hannun autarsa, ya taka da ita cikin coci, kai a sama, yana alfahari kamar shi ya zaɓo angon. Ya miƙa ta, ya juya zai gaisa da uwar ango a kujerar gaba, ashe gajeruwar mai furfurar nan ce, mai koriyar riga. Ta miƙe, ta kashe masa ido, ta ce ƙasa-ƙasa, "Surukina, ka zo ka kwashe itacenka, wata uku ke nan har yau bai bushe ba."