Wutar da Torsten Ya Bari a Ƙarƙashin Ƙasa

Mako shida ke nan ba a yi ruwan sama a yankin Härjedalen ba, amma hakan bai hana Torsten da matarsa Majken loda tanti a mota ba. Tun da ya yi ritaya daga tuƙin bas a garin Sveg, duk watan Yuli sai sun shiga dajin gwamnati sun yi kwanaki, can inda babu famfo, babu makewayi, babu maƙwabci.

A bakin hanyar masu yankan katako an kafa allo cewa an hana kunna wuta a fili. Majken ta karanta shi da ƙarfi.

"Ka ji ko, tsoho? Ga rishonmu na gas nan, ya ishe mu."

"Gahawar gas ai ruwan wanke-wanke ce," in ji Torsten. "Don 'yan birni aka rubuta allon nan. Ni tun ina shekara tara nake hura wuta a dajin nan."

"Shi ya sa har yau girarka ba ta cika ba."

Suka yi zango a saman wani rafi da ya kusa ƙafewa. Ya jera duwatsu ya hura wutarsa, suka sha gahawa da burodin kirfa. Da safe ya juye sauran gahawar a kan toka, ya tattake da takalmi. Majken ta ce ya ɗebo ruwa a bokiti ya kwarara. Ya dubi gangaren rafin, ya tuna ciwon gwiwarsa, ya ce ai wutar ta mutu murus. Ƙasar wurin kuwa ruɓaɓɓen ganye ce da saiwoyi, ta bushe ƙayau, garwashi ya riga ya nutsa cikinta.

Suka ƙara gaba kilomita tara, har inda hanyar ta ƙare a bakin wani tafki. Hanyar da aka shigo ita kaɗai ce ta fita.

Ran na uku da tsakar rana, Torsten yana kamun kifi da fatsa ya ji ƙauri. Ya waiwaya ya ga hayaƙi ya turnuƙe kudu, iska tana koro shi wajensu. Suka bar tanti a kafe suka faɗa mota. Ba su yi kilomita biyu ba suka tarar da wuta ta cinye hanyar gefe da gefe, itatuwa suna faɗowa. Ya yi ta baya-baya har bakin tafki. Majken ta ɗaga waya sama tana neman sabis, babu ko ɗigo. Rashin sabis ɗin nan ma yana cikin abin da ya sa suke son wurin.

"Daga wajen rafin nan ta taso, ko?" ta tambaye shi.

Ya kama hannunta suka shiga ruwa.

Ruwan ya kai musu ƙirji, sanyinsa har ƙashi, fuskokinsu kuwa kamar an kara su a bakin murhu. Wuta ta zagaye tafkin. Suna gani tantinsu ya narke, tayoyin motar suka fashe ɗaya bayan ɗaya. In sun matsa gaba zurfi ya fi ƙarfinsu, in sun koma baya tartsatsi yana zubo musu a ka. Hayaƙi ya kwanta a kan ruwan har ba sa hango gaɓa.

Majken tana da asma, maganin da take shaƙa kuma yana cikin motar. Torsten ya tuɓe rigarsa ya jiƙa ya rufe mata hanci. Ya rungumo ta ta baya don kada ta sulale. Yana jin ƙirjinta yana fito kamar busa.

"Yi numfashi a hankali, tsohuwa. Yanzu za su zo."

"Wa ya san muna nan?" ta ce da ƙyar.

Babu wanda ya sani. 'Yarsu Solveig kawai suka ce wa sun tafi daji.

Sun fi awa huɗu a tsaye. Hannuwansa suka mutu, ƙafafunsa suka daina ji, bai sake ta ba. Tun tana yi masa magana har ta koma matse yatsunsa kawai. Daga baya matsewar ma ta tsaya.

Jirgi mai saukar ungulu da ya zo ɗibar ruwan kashe gobara shi ya hango su. An kai su asibiti. Torsten ya farfaɗo. Majken ta kwana biyu ba ta buɗe ido ba, ran na uku ta cika.

Sai da 'yan kwana-kwana suka yi kwana goma sha ɗaya kafin su ci ƙarfin wutar. Ta ci gidaje huɗu a ƙauyen da ke gefen dajin. Masu bincike suka bi sawunta har saman rafi, suka tarar da duwatsu a jere, ƙasar ƙarƙashinsu ta ƙone ta zama rami.

Bayan jana'iza, Solveig ta zauna kusa da shi a kicin.

"Baba, sun ce wani ne ya hura wuta a wurin. Wane irin mutum ne zai yi haka?"

Ya juyo ya dube ta.

"Ni ne," ya ce. "Mamarki ta ce in ɗebo ruwa. Bokiti ɗaya ta ce."

Solveig ta tashi ta ɗauki jakarta ta fita. Har yau ba ta sake taka gidan ba.

Mai karatu, in an hana kunna wuta a daji, dokar ta hau kanka komai daɗewarka a harkar. In kuma lokacin da aka yarda ne ka hura, kada ka bar wurin sai ka kwarara ruwa, ka tona tokar, ka taɓa da hannu ka ji sanyi. Sakacin minti biyar yana iya cin ran wanda ka fi so.