Sunan Tasalla

Safiyar suna, an shimfiɗa tabarmi, an kawo goro, amma Malam Liman bai buɗe addu'a ba. Tun da aka kafa Dokar Sunaye, ba a raɗa wa jariri suna sai liman ya tambayi rajista ta wayarsa.

Ɗanliti, uban jaririyar, ya miƙa masa takarda. Sunan mahaifiyarsa ya rubuta: Tasalla. Da sunan ya buɗe mata shafin intanet shekara tara da suka wuce, tana sayar da daddawa.

Wayar ta yi ja. Liman ya jawo shi gefe.

"Ɗanliti, ka taɓa magana da Kamfanin Tasalla, masu sinadarin miya?"

"Sau ɗaya, Malam. Sun bugo suna son sayen shafin."

"Ka ce musu me?"

"Ai ba a korar mai ciniki. Na ce su taya mu ji."

Liman ya runtse ido. "Ka kashe kanka! Wanda ya nemi tayi, doka ta ce dama don ya sayar ya tare sunan. Kamfanin ya karɓe sunan jiya. Duk wanda ya furta shi a gidanka, wayoyin nan suna ji, kuma doka za ta hau kansa."

A hankali mutane suka fara laluben takalmansu.

Daga zaure mahaifiyar Ɗanliti ta leƙo tana murmushi. "Ɗanliti, na yi takwara kuwa?"

Shekara arba'in kunya ta hana shi faɗin sunan nan. Ya dube ta, ya dubi wayar da ke hannun Liman.

"Inna, ki koma ciki tukuna."