Takalman Bakin Ƙofa

Hajiya Saratu ta buɗe durowa ta uku ba ta ga gishiri ba. Ta juya ta kalli jikanta.

"Angona, gidanka ne amma ba ka san inda gishiri yake ba?"

Zainul Abideen ya yi dariya, ya ce likita ba ya girki. Ta yarda. Daga Umra ta dawo a shekarar 2018, ta kafe sai ta yada zango a Dubai ta ga inda yaron yake kwana. Ga shi kuwa ta gani: falo da ɗaki a unguwar International City, ga sanyin na'ura, ga labule har ƙasa. Akwai wani ƙaramin kofin yara a banɗaki, ya ce na waɗanda suka tashi ne.

Ita fa Hajiya da dalilinta. Mahaifinta ya ƙare ƙuruciyarsa a Lakwaja yana ɗaukar wa wani Bature likitan jiragen ruwa akwatin magani, zamanin Turawa. Yana wanke gyambo, yana ɗaure karaya, amma ba a kira shi likita ba ko sau ɗaya. A lokacin likita sai Bature, ɗan Bature, mai takardar Ingila. Da Baturen zai tafi, ya bar masa akwatin, na katako mai kusurwoyin tagulla. Shi Hajiya ta damƙa wa Zainu ranar da zai taho neman aikin likitan jirgi, ta ce ya rama wa mahaifinta.

"Ina akwatin?" ta tambaya tun ranar farko.

"Yana cikin jirgi, Hajiya."

Kullum bayan isha'i sai ya saɓa farar riga ya ce aiki ya kira. Kunnenta garau yake, amma ba ta taɓa jin motsin lifta ba idan ya fita. Ta ce a ranta, yaron kirki, matakala yake bi.

Ƙofar da ke kallon tasu ta samari ce, 'yan Kano da 'yan Kumasi. Takalmansu tuli guda a bakin ƙofa, har kan rasa wurin taka ƙafa. Hajiya ba ta iya cin tuwo maƙwabci na jin ƙamshi, don haka ta sa aka sayo babbar tukunya. Sualah, mai gadin benen, mutumin Gana, shi yake kai musu. Ta ƙirga takalma ta samu mutum goma sha ɗaya, Sualah ya ce ta riƙa tuƙa malmala goma sha biyu, akwai wanda yake shiga da nasa takalmin ciki.

"Wannan marowaci ne," in ji ta.

Sualah ya sosa ƙeya. Ya ce ba rowa ba ce, kunya ce. Mutumin ya yi karatun likita a gida, amma nan an ce sai ya kawo shedar shekarun aiki a asibiti, ya ci jarrabawarsu, su kuma masu jirage sun fi son wanda ya daɗe a ɗakin gaggawa. Yanzu kwalaye yake ɗauka a babbar kasuwar 'yan Sin.

Abin ya tsaya mata a rai. Da yamma ta ce wa Zainu ya taimaki bawan Allahn nan, ya yi masa hanya wurin manyansa. Zainu ya ajiye cokali, ya ce zai duba. Bai ƙarasa tuwonsa ba.

Ranar wata Talata da hantsi aka buga mata ƙofa. Mutum biyu ne daga hukumar gari, da Sualah a bayansu yana tafinta. Suka nuna ƙofar samarin, suka tambaya ko ta san mutum nawa ne a ciki.

Inda Hajiya ta fito, gida mai yawan mutane gidan albarka ne, kuma idan manya suka zo tambaya, to ko rabo za a yi ko yabo. Sualah yana ta ƙifta mata ido.

"Kai, me ya faɗa maka a ido?"

Ta buɗe yatsunta goma, ta ƙara biyu. Ta kuma yaba musu dabara, yadda aka ce sun yanka falo da katako kowa ya samu lungunsa, ba faɗa ba tashin hankali. Mutanen ba su jira tafinta ba. Ɗaya ya ce da Larabci, "Khalas," wato shi ke nan.

Sai bayan sun sauka Sualah ya faɗa mata: dokar garin ta hana yanka gida da katako, ta hana cusa gwagware a benen iyali. Za a ci tarar mai gidan, shi kuma ba zai bar su su kai Juma'a ba.

Hajiya ta zauna a bakin gado. Ko ruwa ta kasa sha. Yaran da take ciyarwa, da bakinta ta kore su.

Ranar Alhamis ta ji ana jan kaya. Zainu ya roƙe ta kada ta fito, ya ce zai je ya kama musu. Ta jira kaɗan, ta ga ba za ta iya ba, ta yafa mayafi ta buɗe ƙofa don ta nemi gafararsu.

Katifu da jakunkuna sun cika baranda. Samarin suka durƙusa suna cewa ba komai Hajiya, ba ki sani ba. Ta buɗe baki ke nan, wani daga can ciki, wanda bai san ta fito ba, ya ɗaga murya.

"Likita, saura na ƙarƙashin gadonka!"

Zainu ya fito daga lungun katakon, takalminsa a hammata, rungume da akwati mai kusurwoyin tagulla.